Ladan Lebura Da Alƙalamin Akawu

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka sake ba ni filin nan da ka saba ba ni, gama yau ina da magana da 'yan'uwana akawuna, da malaman makaranta, da malaman zaure, watau mu da Allah ya nufe mu da sanin karatu da rubutu. Maganar kuwa a kan lebura ce, da mai gadi, da direba, da yaron kanti, da duk wanda ke sayar da ƙarfinsa don ya ci abinci, da kuma abin da dokar ƙasar nan ta tanada masa in maigidansa ya so ya cuce shi.

In ka zauna cikin leburori ka ce musu akwai doka mai tsare haƙƙinsu, sai su yi maka dariya, su ce ai doka ta mai kuɗi ce. Ban ga laifinsu ba, gama abin da mutum ya gani da idonsa shi ya ke faɗi. Amma ni aikina ya tilasta mini karanta dokokin nan, na kuwa tarar da abubuwa da yawa cikinsu waɗanda da talaka ya san su, da an rage zaluntarsa. Abin da ya ke hana su aiki shi ne kusan dukansu a kan takarda su ke tsaye, wanda aka yi su dominsa kuwa sau da yawa bai iya karatu ba, ko kuwa ya iya amma bai san takardar da zai nema ba. Alƙalamin fa a hannunmu ya ke.

Kafin in faɗi abin da doka ta ce yau, bari mu ɗan waiwaya, don mu san da tsadar da aka same ta. Cikin shekarar 1930 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniyar hana aikin tilas, Ingila kuwa ta yarda da ita, amma an bar wata ƙofa a ciki saboda lokacin yaƙi ko wata babbar masifa. Da Japan ta kama ƙasar Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babban wurin da ta ke samun kuza, sai aka juyo kan tudun Jos da Bukuru. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar talakawa daga lardunan Arewa, ta hannun En'e da hakimai da dagatai, ana kai su haƙar kuza a ramukan kamfanoni, ko suna so ko ba sa so. Waɗanda aka ɗiba sun kai wajen mutum 100,000. Irin wannan ne kakanninmu ke kira ɗiban gwamna. Mutumin da ya saba da zafin ƙasar Sakkwato ko Katsina aka kai shi cikin sanyin tudu da ruwan sama, ba mayafin kirki, ba isasshen abinci. Da yawa suka mutu, da yawa suka gudu, gonaki kuwa suka zauna ba mai noma su. Maganar ta kai har Majalisar Ingila, aka yi ta tambayar Gwamnati, kana aka daina a 1944.

A zamanin nan ne kuma ma'aikata suka fara gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. An yi dokar da ta yarda musu su kafa ƙungiya a 1938, aka yi ta biyan diyya ga wanda ya ji rauni wurin aiki a 1941. Ran 22 ga Yuni 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa, da na gidan waya, da na tashar jiragen ruwa, da sauran ma'aikatan Gwamnati suka ajiye aiki saboda kuɗin abinci da na tufafi sun hau, albashi kuwa yana nan inda ya ke. Michael Imoudu na cikin shugabanninsu. A Ikko sun yi kwana 44 ba su koma ba. Gwamnati ta naɗa masu bincike, aka ƙara musu kuɗin tsadar kaya a 1946. Bayan wannan sai abin baƙin ciki ya auku a Inugu, ran 18 ga Nuwamba 1949, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wa masu haƙar kwal wuta a kwarin Iva, suka kashe mutum 21, suka raunana 51. Mutanen nan kuwa rigimarsu da shugabannin ma'adinin a kan kuɗin aikinsu ce, waɗanda suka ce an riƙe musu.

To, da irin wannan wahala aka kai inda mu ke. Nijeriya da ta sami mulkin kai a 1960 ta karɓi yarjejeniyar hana aikin tilas da sunan kanta. Tsarin Mulkin 1999, wanda mu ke kai yanzu, ya hana bauta da azabtarwa da aikin tilas a sashe na 34, in ban da hukuncin kotu da 'yan waɗansu hidimomin ƙasa da aka lissafta a wurin. A sashe na 40 kuma ya ba kowa ikon shiga ƙungiyar ma'aikata don tsare haƙƙinsa. Yau ba hakimi ko dagaci da ke da ikon ɗibar mutum ya kai wa kamfani. Cutar da ta rage ta fi wancan laushin murya, gama ita da yardar baka ta ke shigowa: a ce da mutum, zo ka fara aiki, ma shirya.

Maganin wannan yana cikin Dokar Ƙwadago, wadda asalinta tun zamanin Janar Yakubu Gowon ne, tana kuma cikin kundin dokokin Tarayya na 2004. An yi ta don masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu, watau har da ni da ire-irena. Sashe na 7 ya ce wajibi ne maigida ya ba ma'aikacinsa takarda kafin wata 3 ya wuce daga ranar da ya fara aiki. A cikinta za a rubuta sunan maigidan da na ma'aikatarsa, da sunan ma'aikacin da inda ya ke zaune, da wuri da ranar da aka ɗauke shi, da irin aikin, da yawan albashi da yadda a ke lissafa shi da lokacin biya, da sa'o'in aiki, da hutu, da abin da za a yi in ya yi ciwo ko ya ji rauni, da tsawon notis da kowannensu zai ba ɗan'uwansa in za a rabu. Ku lura, jama'a, a wuyan maigida aka ɗora wannan. Lebura da ya nemi takardarsa bai yi rashin kunya ba, abin da doka ta riga ta ba shi ya tambaya. Gaskiya ne dokar ta san da yarjejeniyar baka, ta kuma ɗauke ta a bakin yarjejeniya. Amma ranar da aka yi musu, da me za a tabbatar da ita?

Game da albashi kuwa, dokar ta ce da kuɗi za a biya, ba a tilasta wa mutum ya karɓi hatsi ko yadi ko kayan kanti a madadinsa, ba a kuma gindaya masa inda zai kashe kuɗinsa. Ba a wuce wata guda tsakanin biya da biya. In ma'aikaci ya karɓi adibas, kada ya wuce albashin wata ɗaya, a ba shi aƙalla wata 3 na biya, kada kuma a ɗora masa kuɗin ruwa. Ga wani abu da yawancin helmomi da masu kantuna ba su sani ba, ko kuwa sun sani sun yi biris: maigida ba shi da ikon cin ma'aikacinsa tara ya yanke daga albashi don ra'ayin kansa. In ma'aikaci ya jawo hasara da gangan ko don sakaci, sai an sami yardar jami'in ƙwadago a rubuce kafin a yanke, abin da za a yanke kuma ya zama daidai wa daida. Dukan abin da za a cire wa mutum cikin wata ɗaya kada ya wuce sulusin albashinsa na watan. Nawa ne cikinmu suka taɓa ganin an fasa kwalba ɗaya a kanti an cire wa yaro kuɗin mako? Wa ya rubuta cirewar nan a littafi? Akawu ne.

Sallama ma tana da ƙa'ida, a sashe na 11. Wanda bai wuce wata 3 a aiki ba, notis na kwana 1 ne. Daga nan zuwa ƙasa da shekara 2, mako 1. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2. Wanda ya shekara 5 ko fiye, wata guda cur. Notis da ya kai mako sai a rubuce, in kuwa ba a ba da shi ba sai a biya kuɗin kwanakinsa, sai fa in babban laifi mutum ya yi wanda ya isa kora nan take. Ƙa'idar nan ta hau kan ma'aikaci shi ma, ba shi da ikon ajiye aiki ya tafi ba sallama. Har wa yau, cikin kowane kwana 7 akwai hutun kwana 1. Wanda ya cika wata 12 yana aiki yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi. Wanda ya kwanta ciwo, likita ya shaida, ana biyansa har kwana 12 na aiki a shekara. Mace mai ciki tana da mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, in kuwa ta kai wata 6 a wurin, za a ba ta aƙalla rabin albashi, in ta dawo kuma a ba ta rabin sa'a sau biyu a yini don shayarwa. Yaron da bai kai shekara 16 ba an hana a sa shi aiki a ƙarƙashin ƙasa ko a kan inji. Masu tura yara ramukan ma'adini su ji.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan haƙƙoƙi yana rataye ne a kan tambaya biyu: yaushe ka fara, nawa a ke biyanka? Na ga wannan da idona. Waɗansu masu gadi biyu sun zo mini in rubuta musu takardar kuka, dukansu wurin mutum ɗaya suka yi aiki, wani mai ɗakin ajiyar kaya, rana ɗaya kuma ya sallame su, suna binsa albashin wata biyu. Na farkon ya ce shekararsa shida a wurin, na biyun ya ce shi ma ba zai kasa haka ba. Da jami'in ƙwadago ya kira mai ɗakin, sai ya ce shi bai ɗauki kowa aiki ba, tausayi ne ya sa ya bar su suna kwana a ƙofa, ya kan kuma yi musu ihsani in ya samu. Ashe na farkon yana da ɗa a makarantar firamare, yaron nan kuwa duk ƙarshen wata ya kan rubuta a bayan littafinsa ranar da aka biya ubansa da yawan kuɗin, shekara da shekaru, littafi ya cika a ajiye a ɗauki wani. Ga kuma saƙon banki na waɗansu watanni a wayar dattijon, da sunan mai ɗakin a jiki. Da aka shimfiɗa waɗannan a kan tebur, mai ɗakin ya ga ihsanin nan nasa ya zo kowane wata, a rana ɗaya, da adadi ɗaya, sai ya biya bashin da kuɗin notis ba tare da an je kotu ba. Na biyun a hannu a ke biyansa, ba abin da ya rubuta, sai shaidar abokin aikinsa kaɗai. Abin da ya samu bai kai rabin abin da ya ke bi ba, shi ma da roƙo. Wahalarsu ɗaya, sanyin da suka sha ɗaya, rubutun yaro ɗan firamare ne ya raba su.

Maganar rauni ta fi wannan nauyi, gama albashin wata ana iya mayar da shi, hannun da inji ya cinye kuwa ya tafi ke nan. A ƙarshen 2010 aka yi sabuwar Dokar Diyyar Ma'aikata, ta maye gurbin tsohuwar. Tsarinta shi ne kowane mai ɗaukar ma'aikata, na Gwamnati ko na kasuwa, ya riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da ya ke biya kowane wata a asusun da hukumar NSITF ke riƙewa. Daga aljihunsa zai biya, an hana shi cirewa daga albashin ma'aikaci. Daga asusun nan a ke biyan magani da diyya in mutum ya ji rauni, ko ya kamu da cuta saboda aikin, ko ya rasu, har da haɗarin da ya same shi a hanya tsakanin gidansa da wurin aiki. Ba sai ya tabbatar da laifin maigida ba. Ta kuma haɗa da ɗan aikin wucin gadi, da mai koyon sana'a, da yaron gida wanda ba dangin maigidan ba ne. In ma'aikaci ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye waɗanda shi ke ciyar da su, dokar ta yanka musu kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata.

Amma ku dubi wa'adin da aka sa. Wanda ya ji rauni, ko iyalinsa in ya rasu, su sanar da maigida cikin kwana 14. Maigida ya sanar da hukuma cikin kwana 7. Takardar neman diyya kuma a shigar da ita cikin shekara 1, sai fa in akwai uzuri na musamman. Mu kuwa al'adarmu ita ce in abu ya auku mu ce ƙaddara ce, a karɓi ɗan abin da maigida ya kawo na dubiya ko na gaisuwa, a yi godiya. Lalle ƙaddara gaskiya ce, haƙuri kuma abin yabo ne, amma haƙƙin marayu ba na kawunsu ba ne balle ya yafe shi don kunya. Katin asibiti, da takardar likita, da sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu, da 'yar wasiƙa mai kwanan wata zuwa ga maigida, a ajiye kwafinta, su ne za su yi magana ranar da kowa ya ce ya manta.

Kada wani ya ce na zo ina yabon doka kamar ba ta da giɓi. Tana da shi. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga Naira 125 a 1981 zuwa Naira 18,000 a 2011, zuwa Naira 30,000 a 2019, zuwa Naira 70,000 a watan Yuli 2024, aka kuma ce za a riƙa duba shi duk shekara 3 maimakon 5. Amma dokar ta tsame ma'aikatar da ba ta kai mutum 25 ba, da masu aikin rabin yini, da waɗanda a ke biya bisa yawan abin da suka yi ko suka sayar, da masu aikin kaka kamar noma. Ku duba garuruwanmu, ku gaya mini kantuna nawa, gidajen burodi nawa, garejoji nawa ke da mutum 25. Dokar Ƙwadago kuma ba ta rufe wanda aka ɗauka don hidimar cikin gida ba, ga shi kuwa 'yan aikin gida su ne mafi rauni cikin masu rauni. Ba ta kuma rufe manyan ma'aikata da masu aikin ilmi na musamman ba, don haka malamin makaranta ya sani takardarsa ta ɗaukar aiki ita ce babbar garkuwarsa, ya karanta ta da kyau kafin ya sa hannu. Waɗannan giɓi aikin 'yan majalisa ne su toshe, mu kuma mu yi ta tuna musu. Amma rashin abin da ba a ba mu ba bai zama hujjar barin abin da aka riga aka ba mu ba.

Akwai wani tsoro kuma da ke hana talaka buɗe baki. Sau da yawa in ma'aikaci ya matsa da neman kuɗinsa, sai maigida ya ce ai kaya sun ɓace, a kira 'yan sanda. To, a sani, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum don bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, gama wannan maganar kotu ce tsakanin mutum da mutum. Ta kuma hana a kama wani a madadin wanda a ke nema, watau ba a tsare uba don ɗa, ko mata don miji. In kuwa da gaske ana tuhumar mutum da laifi, sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ce a gaya masa dalilin kama shi a rubuce cikin sa'a 24, da harshen da ya ke ji, yana da ikon yin shiru har ya ga lauya ko wani da ya zaɓa, a kuma kai shi gaban alƙali cikin kwana 1 in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, cikin kwana 2 ko abin da kotu ta ga ya dace. Na ga bambanci tsakanin mutumin da aka kai caji ofis ba kowa a bayansa, da wanda wani mai ilmi ya biyo shi, ya yi sallama da ladabi, ya tambayi laifin da aka rubuta da lokacin da aka kawo shi, ya fito da alƙalami ya rubuta amsar.

Wani zai ce, to, ina a ke kai kukan? Farko dai ƙungiyar ma'aikata, in akwai ta, Dokar Ƙwadago kuwa ta hana a kori mutum don ya shiga ƙungiya. Sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wanda ke kowace jiha, inda a kan kira ɓangarorin biyu a nemi sulhu. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, ba a biyan ko kwabo don kai mata kuka. Akwai hukumar ba marasa hali lauya kyauta, tun 1976, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, tun 1995. In duk wannan bai yi ba, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya ɗaga darajarta ya kuma ba ta ikon shari'ar aiki da albashi ita kaɗai. Tana zama a Abuja, da Kano, da Kaduna, da Jos, da Sakkwato, da waɗansu birane. Shari'a tana da jinkiri, tana kuma cin kuɗin mota, ban ɓoye wa kowa ba. Shi ya sa takarda ta ke da daraja, gama mai gaskiyar da ke riƙe da shaida sau da yawa tun a teburin sulhu ya ke gamawa.

Yanzu fa, ya ku 'yan'uwana akawuna, na zo kanmu. Doka ta wajabta wa maigida ya ajiye littafin albashi da sharuɗɗan aiki, ya kuma adana shi har shekara 3. Mu ke rubuta littafin nan. In an ce ka rubuta Naira 50,000 alhali 35,000 ka ga an miƙa, ko ka sa mutum ya dangwala yatsa a takardar da ba a cika ba, ko ka canja ranar da ya fara aiki don kada ya cika shekara 5, to ka sani da hannunka aka yi cutar, ko da ba aljihunka ta shiga ba. Na san mu ma a ƙarƙashin wani mu ke, muna da iyali, tsoron kora kuma ba ƙarya ba ne. Amma akawu mai hankali yana da hanyar faɗa wa maigidansa gaskiya cikin ladabi, ya ce, ranka ya daɗe, wannan in ya je gaban jami'in ƙwadago zai jawo mana hasarar da ta fi abin da mu ke son ragewa. Kada kuma ka bar wanda bai iya karatu ba ya sa hannu sai ka karanta masa da Hausa, ka ba shi kwafinsa ya tafi da shi.

Ku kuma malamanmu na zaure, Allah ya gafarta muku, kun fi ni sanin cewa aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta ke, har da gargaɗi ga marubuci kada ya ƙi rubutawa. Ni ma a makarantar Mishan da na yi an koya mana cewa Attaura ta hana a kwana da ladan ɗan ƙwadago. Albashin da ba a biya ba kuwa bashi ne. In kun gaya wa almajiranku da maƙwabtanku cewa neman takarda ba rashin yarda da maigida ba ne, za su ji daga bakinku fiye da yadda za su ji daga nawa. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, kwanan wata da adadi dai a ke bukata. Malaman makaranta kuma, ku koya wa yara su buɗe wa iyayensu shafi ɗaya: ranar fara aiki, albashin da aka yi alkawari, abin da aka karɓa kowane wata, abin da aka yanke da dalilinsa. Darasin lissafi ne da na rubutu a haɗe, ba kuwa zai ci muku rabin sa'a ba.

Masu ɗaukar ma'aikata ma kada su ɗauka gaba na ke yi da su. Da yawa cikinsu mutanen kirki ne, suna biya a kan kari, har su yi wa yaransu aure su ba su jari. Takardar nan tana tsare su kamar yadda ta ke tsare lebura, gama akwai ma'aikacin da zai karɓi kuɗinsa ya musa, ko ya gudu da adibas. Maigida kuma yana iya rasuwa, magada su zo ba su san alkawarin da ya yi ba. Wanda ke da ma'aikata bai ba su takarda ba, ya kira akawunsa cikin makon nan su zauna su rubuta, kada a bari sai ranar rigima, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina roƙon duk wanda wannan jarida ta shiga hannunsa ya karanta wa mai gadin unguwarsu da leburan da ke kusa da shi. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya sa wa kowa albarka cikin guminsa, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Akawun Bakin Kasuwa